Waziri Ba Ya Gadon Sarki

Ran sadakar ukun Hajiya Delu, shugabar ƙungiyar tsofaffin malamai mata ta Unguwar Rogo, matan suka taru a tsakar gidanta ana rabon masa. Malama Hindu, mataimakiyarta, ta zauna ƙarƙashin dalbejiyar da su biyu suka soma koyar da matan aure karatu, lokacin ƙafafunsu na kai su Kalambaina su dawo ba nishi. Saura shekara guda a wa'adin Delu, kuma Hindu ta san wata na hawa kujerar, ajin matan auren nan ya mutu, don Hajiya Ummukulthum, dattijuwar da matan ke jin maganarta, ta daɗe tana kiransa wahalar banza.

Ummukulthum ɗin ce ta gyara mayafi. "Sai mu zaɓi wata. Kun dai sani, a garin ga Waziri ba ya gadon Sarki. Nashi shi naɗa wani."

Matan suka gyaɗa kai kamar an ja aya.

Hindu ta tsufa tana koyar da tsarin mulki, ba ta haɗiye magana don kawai ta girme ta a duniya. "Yaya Ummu, Sarki munka naɗa ko shugaba munka zaɓa? Shekarar da shugaban ƙasa ya rasu bisa mulki, kina ina? Ni da Delu muna nan wurin, rediyo tsakaninmu, tuwo na ƙonewa. Kahin a kai shi makwanci an rantsar da mataimaki nai. Ba a jira ukku ba, balle arba'in. Ya ƙarasa wa'adin, ya kawo nashi mataimaki, majalisa ta amince. Ƙasa ba ta takaba."

"Can Abuja ke nan."

"To dokar ƙungiyag ga daga ina munka kwaho ta? Daga fada? Ke kinka riƙe muna fitila, kina ta ƙorahin sauro."

Wata ta tuntsire da dariya, ta yi sauri ta toshe baki. Ummukulthum ta dubi Hindu.

"Ƙwarai, na riƙe," ta ce. "Delu har ta ƙona min gyale. Sai ki ƙarasa mata, uwar gardama."

Hindu ta share ido da bakin zane. "Asabar akwai aji. Ke za ki taho da alli."