Gem ɗin Bulo da Hannun Baba

Tun ranar da aka sallamo Baba daga asibiti bai sake zama a ƙofar gida ba. Hawan jini ne ya kayar da shi a bakin dam wurin kamun kifi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo da wuri, bakin ma ya miƙe har yana iya yi mana faɗa yadda ya saba. Hannun ne ya ƙi. Kullum yana kan cinyarsa a dunƙule, kamar kifin da ya kwana a kwando.

A unguwarmu a Tiga magidanta ba sa cin tuwo a cikin gida. Da an idar da sallar magariba kowa zai sa a fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu a yi ciyayya. Tun kafin a haife ni ake yi, kuma Baba ne ke buɗe kwanon farko. To mutumin da ya saba da haka ya rantse ba zai zauna cikin maza ya tsoma hagu a kwanon da wasu ke ci ba. Ba kuma zai yarda a ware masa nasa da cokali kamar mai jego ba. Sai ya shige ɗaki ya sa aka saki labule. Abokansa suka yi ta sallama har suka gaji, suka mai da tabarmar ƙofar gidan Baba Ɗanasabe, wanda suka yi rayuwarsu tare da shi a kwale-kwale ɗaya.

Ni ce autarsa, sunana Fa'iza, amma bai taɓa kira na da wani abu ba sai Auta. Ina aure a Kwanar Dangora. Da na ji yadda ake ciki na roƙi maigidana, na kwaso kayana na taho, domin na san duk gidan ni kaɗai ce zan iya kallon idon Baba in gaya masa abin da ba ya so. Taurin kai dai a wurinsa na gada, kuma ban rage masa komai ba.

Malama Bahijja, mai yi masa gashin ƙashi a asibiti, ta ce hannun bai mutu ba, motsi yake nema. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Muna dawowa gida ya cilla wa kyanwa. Na ɗora masa gem a wayata ko zai ɗauke masa hankali. Gilashin waya kuwa santsi gare shi, yatsan da ba ya jin magana sai ya yi ta zamewa, can talla ta faɗo, can wani ya kira, kafin la'asar caji ya ƙare ga babu wuta. Ya miƙo min da hagu ya ce, "Ɗauke min wannan madubin."

Rannan Inna tana neman bargo a tsohon akwatinsa na ƙarfe, sai ta zaro wani abu a naɗe cikin tsohuwar hula. Ta ce, "Ke Auta, wannan ba naki ba ne?"

Na karɓa na warware hular. Gem ɗina ne. Kawu Lado ne ya sayo min shi a gwanjo lokacin yana tuƙin babbar mota zuwa Legas, ina 'yar firamare. Abu ne mai ruwan toka, da kauri kamar sandar sabulu, da ɗan gilashi kore-kore, da kaset guda ɗaya da ake cusawa ta baya. Wasa ɗaya ne a ciki. Bulo na saukowa daga sama kana jera su, layin da ya cika ya ɓace, wanda ka ɓata ya zauna maka har tulin ya kai sama ka mutu. Wata rana aka bar ni gadin kifin da aka shanya, na dulmiya cikin jera bulo, shaho da kaji suka yi biki. Baba ya fizge gem ɗin, washegari ya ce min ya jefa shi a dam. Na yi kuka har muryata ta dishe.

Ga shi kuma a hannuna, dam ɗin ashe akwatin ƙarfe ne. Na juya shi na duba. Madannan da na bari jajaye sun koɗe sun yi sulɓi, tsakiyarsu har ta lotsa. A tsagar gefe akwai busasshen ɓawon kifi, na sansana na ji ƙarni. Ni dai ban taɓa shiga kwale-kwale da gem ɗin ba.

Na sayo batir huɗu a shagon bakin titi, na ɗaga labulen Baba na yi sallama. Na zauna a bakin gado na kunna. Gilashin ya nuna wasu zane-zane marasa kan gado ya tsaya cak.

"Wa ya ce ki taɓa min akwati?" in ji shi.

"Ai daga dam na tsamo shi, Baba."

Ya juya fuska bango. Na kashe na sake kunnawa, bai tashi ba. Na yi na uku. Daga can bango na ji ya ce, "Cire kaset ɗin ki hura cikinsa. Ki mayar a hankali, ba da ƙarfi ba."

Sai Inna da ke laɓe a bakin ƙofa ta fashe da dariya. Rabon da a yi dariya a gidan nan tun kafin ciwon. Na hura na mayar, sai ga ɗan kiɗan nan mai kama da kukan gyare. Na ɗora masa a cinya kusa da hannun da ya ƙi, na ce, "Madannin juya bulo a dama yake. Da hagu kaɗai ba ya yiwuwa, ka fi ni sani."

Ya ɗauka ya kai kusa da ido, ya karkata nan ya karkata can. Abin da na manta shi ne gilashin irin waɗannan tsofaffin ba shi da fitila a ciki. In babu haske a waje, to babu abin da za ka gani. Ɗakin Baba kuwa ko akuya ce ta shigo sai dai a ji ta. Ya ce in kawo tocilan. Na haska, hasken ya taru wuri ɗaya ya kashe masa ido. Ya ce in ɗage labule, na ɗage, bai isa ba.

"Kayan banza," in ji shi. "Da ma can haka yake, sai da rana."

"To ga rana can a tsakar gida, kyauta."

Mun kai ruwa rana kafin ya fito. Amma ya fito, yana jan ƙafa yana ƙunƙuni, ya zauna a gindin bango. Na buɗe masa yatsun da hannuna na ɗora babban yatsan a kan madanni. Ya yi yunƙuri har jijiyar wuyansa ta tashi, madannin ko gezau. Bulo suka taru a tsaye kamar itacen girki, wasa ya mutu. Tausayinsa ya kama ni har na ji hawaye na zuwa, na haɗiye, don na san in ya gani ya koma ɗaki ke nan. Na ce, "A sake."

Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki. Madannan nan masu tauri ne, ba irin na waya ba da ko ƙuda ya sauka sai ya taɓu. Sai ka danna da gaske, in ya shiga kuma yatsanka zai ji. Ranar da bulo na farko ya juya a hannun Baba sai ya kalli yatsan kamar baƙon da ya daɗe bai gani ba.

Tsakar gida ba ta yi masa daɗi ba, saboda matan maƙwabta. Kowace ta shigo sai ta durƙusa ta ce, "Sannu Malam Sha'aibu, Allah sarki," da irin muryar da ake yi wa wanda aka fid da rai da shi. Ya tattara ya koma zaure, bakin ƙofa, inda haske ke shigowa sosai. A nan Baba Ɗanasabe ya ritsa shi. Ya tsaya da komarsa ta kamun kifi a kafaɗa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "A'a, Sha'aibu! Ashe shegen nan yana nan da rai?"

Ina daga ciki ina jin su. Ashe shekara da shekaru, in sun zuba koma suna jira a tsakiyar ruwa, gem ɗina suke karɓa-karɓa. Ya taɓa faɗawa cikin ruwan da ke kwance a kwale-kwale, suka shanya shi a rana ya tashi. Har gaba suka taɓa yi ta kwana biyu a kan wa ya fi jera layi, kuma babu shaida, tunda da an kashe shi yake manta komai. Ni kuwa ina gida ina makokin abin da aka ce yana ƙarƙashin dam. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, amma daɗin jin muryar Baba a sama ya fi haushin yawa.

Da muka koma asibiti Malama Bahijja ta yaba da babban yatsan, sai dai ta rage mana murna. Ta ce wannan abin yatsa ɗaya kawai yake motsawa, loma kuwa sai da sauran huɗun. A hanyar dawowa Baba ya yi ta kallon hannun. Na ɗauka ya karaya. Muna isa ya ce in kawo kujerar tsugunno ta Inna. Ya kwantar da gem ɗin a kai, ya ce daga yau kowane yatsa da layinsa, manuni ya danna, na tsakiya ya karɓa, har ɗan ƙaramin. Wasan ya koma masa baya, bulo suka riƙa binne shi tun bai je ko'ina ba. Bai fasa ba.

Akwai wata la'asar da ba na mantawa. Hannun ya saki fiye da kullum, layi na ɓacewa bayan layi, bulo sun fara sauri har suna barin inuwa a gilashi, ba ka iya bambance mai tsawo da mai lanƙwasa. Baba Ɗanasabe na gefe yana cewa, "Dama! Kai dama!" Sai kiɗan ya fara ja kamar mai jin barci, zanen ya dusashe, gilashi ya koma fili fetal. Batir ya mutu, duk abin da ya tara ya tafi. Baba ya ɗaga gem ɗin ya maka shi da bangon zaure. Murfin baya ya yi nan, batura suka gangara can.

Na miƙe daga inda nake kallo, raina a ɓace, na buɗe baki zan yi masifa. Sai Baba Ɗanasabe ya ce a hankali, "Auta, da wane hannu ya yi jifan?"

Dukkanmu muka kalli hannun. Yana nan a sama, a buɗe, yana rawa.

Gem ɗin kuwa ko tsagewa bai yi ba, sai 'yar farar ƙasa a kusurwa. Baba ya sa na tsince baturan na jera a kan katanga su sha rana, wai haka suke yi a da, suna ƙara ɗan numfashi. Na ce in sayo sababbi, ya ce in sayo, amma waɗannan ma ba a gama da su ba. Na ce, "Baba, ba ka jin takaici? Ka yi ta tari, ya share, kullum daga farko."

Ya ce, "Shi ne yake mantawa. Hannun ai yana riƙewa."

Damina ta wuce, aka yanke dawa. Wata Alhamis bayan la'asar ya leƙo madafa ya ce wa Inna ta tuƙa tuwon da ɗan laushi, ta kuma zuba a babban kwano. Inna ta tsaya da muciya a hannu ta kalle ni. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Da aka fito daga masallaci na ji ana jan tabarma a ƙofar gidanmu, na lallaɓa zaure na tsaya a bayan ƙyaure inda nake hango su ta tsaga.

Su biyar ne. Baba ya wanke hannu, ya buɗe kwanon da hagu, ya yi bisimilla ya miƙa dama. Yatsun suka nutse a tuwon, suka yanko, ya dangwali miyar kuka. Lomar ta taso tana rawa, ta kai rabin hanya, ta suɓuce ta faɗi a tabarma.

Wani ya sunkuyar da kai, wani ya kama gyaran hula. Na dafe ƙyauren, na ce a raina shi ke nan, yanzu zai tashi ya koma bayan labule, kuma wannan karon ko ni ba zan iya fito da shi ba. Baba Ɗanasabe bai ko ɗago ba, ya ci gaba da tauna, ya tura kwanon gaban Baba da bayan hannu ya ce, "A sake."

Baba ya daɗe yana kallon lomar da ke ƙasa. Sannan ya mai da hannun cikin kwano. Ta biyun ƙarama ce, ko yaro ya fi ta, miya na bin gwiwar hannunsa har cikin riga. Amma ta isa. Ban ga ta uku ba, don idona ya cika, na zame na zauna a ƙasan zaure na toshe baki da mayafi kada su ji ni.

Da suka watse ya shigo ya tarar da ni a wurin. Bai tambaye ni me nake yi ba. Ya laluba aljihu ya zaro gem ɗin, ya miƙo min da hannun dama, duk miya ta bushe a yatsun.

"Ungo kayanki, Auta. Na daɗe da ara."

Na sa hannu biyu na kama, na ja. Bai saki ba. Na ƙara ja da ƙarfina, yana kallona yana murmushi, gem ɗin bai motsa daga hannunsa ba.