Ɗaurin Ɗakin Inna

Awwalu kafinta ne a unguwar Arras, kuma a shekara ashirin da biyu ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Shi ya sa da abokinsa Ibrahimu, ma'aikacin tashar jiragen ruwa, ya zo masa da damuwa, ko zarto bai ajiye ba.

Mahaifiyar Ibrahimu 'yar wani ƙauye ce a kan tsibiri, can cikin lagun, wato tafkin ruwan gishiri da ke haɗe da teku. Da mijinta Bahaushe ya rasu, sai ta koma ɗakin kakanninta, mai tsaye a kan turaku bisa ruwa, wanda shi kaɗai ya rage irinsa. Yanzu ɗakin ya karkace.

"In bai miƙe ba kafin damina, kwaso ta zan yi zuwa benenmu," in ji Ibrahimu. "Ta ce gara a kai ta kabari."

"Aikin yini ɗaya ne," in ji Awwalu.

Ranar Asabar suka shiga pinas, jirgin fasinja, Awwalu rungume da buhun ƙusa.

Tsohuwa ta tare su a bakin ruwa, ta ƙare masa kallo.

"Me ke cikin buhun, ɗan nan? Gyaɗa ka kawo mini?"

"Ƙusa ce, Inna. Inci shida."

"Ayya. Shigo kwalekwale."

Ita ta tuƙa shi zuwa ƙarƙashin ɗakin. Ta nuna masa wata azara da ta tsage gida biyu, tsatsa ta zubo mata kamar jini.

"Wannan aikin wani gwani ne irinka, shekara huɗu ke nan. Taɓa waccan."

Ya taɓa. Babu ƙusa ko ɗaya, an ɗaure ta ne da rotan, irin igiyar kurmin da ake saƙa kujeru da ita. Ta yi baƙi ƙirin, amma ko gezau. Wani jirgi ya wuce, ruwa ya kaɗa, Awwalu ya ji ɗakin gaba ɗaya ya lanƙwasa a kan hannunsa, ya koma daidai.

"Kawuna ya ɗaura ta ina budurwa. Gishiri na cin ƙarfe, ɗakin kuma yana son ya motsa."

Awwalu ya bi ƙullin da yatsa. Sannan ya tura buhun ƙusa gefe da ƙafa.

"Inna, nuna mini sau biyu. Na uku ni zan yi."

"Ji baki!"

Sau bakwai ta doke masa hannu da mafici. Aikin yini ɗaya ya ci kwana huɗu.

Da aka gama, Ibrahimu ya hau ya yi ta tsalle a tsakar ɗakin, yana neman hujjar tafiya da ita. Ɗakin ya lanƙwasa, ya koma daidai.

"To, oga," in ji Awwalu, "benen naku sai ka nemo masa wata tsohuwar."

Inna tana can tana hura wuta. Ko waiwayowa ba ta yi ba.