Layi Ya Hau Layi

Injin buga littafi na ta ruri a ɗakin baya lokacin da Auta ta ɗauki shafin gwaji, tawada ko bushewa ba ta yi ba. Ta ƙura wa layukan ido.

Littafin yayanta ne, na koyar da rubuta manhajar kwamfuta, ita ce kuma ta tsara shafukansa. Da safe wani dogon misali ya tsallaka ya ƙara shafi guda, takardar da aka yanka kuwa babu wurinsa. Sai ta matse tazarar layukan misalan gaba ɗaya, komai ya shige.

Ga abin da ya biyo baya. Kowane layi yana da shimfiɗa mai ruwan toka a bayansa. Ta ƙasa ta hau ta sama, ta haɗiye ɗan zanen nan da ke kwance tsakanin kalmomi yana haɗa su.

"Yaya, zo ka gani."

Ya karɓa, ya kai takardar har hanci. "Ina zanen ya tafi? Auta, ɗalibi ya kwafi wannan, kwamfuta ba za ta ko motsa ba! Ce min za a yi maƙaryaci."

Mai injin ya leƙo yana goge hannu da tsumma. "In danna ko in ɗora aikin wani? In na sauke naku, sai bayan an koma makaranta."

"Baba, don Allah ɗan dakata."

"Ni na iya dakatawa, 'yata. Injin ne bai iya ba."

Ta zauna gaban kwamfuta. Ta buɗe tazarar kaɗan, ta buga gwaji. Zanen ya fito rabi. Ta ƙara. Ya fito tas, shafin nan kuma ya sake tsallakawa.

Ta bi littafin a guje tana neman abin cirewa, har ta tsaya a shafin ƙarshe. Hoton Yaya ne cikin kwat, hannu a haɓa, ya cika shafi.

"Kul!" in ji shi. "Aron kwat ɗin nan na yi. Har na gaya wa surukaina."

Mai injin ya ɗora yatsa a kan maɓalli.

Yaya ya dubi hoton, ya dubi layukan. Ya runtse ido.

"Cire ni."

Ta cire. Misalin ya zauna daram, kowane zane a wurinsa.

"Dama kunnuwanka sun fito da yawa," in ji mai injin, ya karɓi aikin.