Gyaran Inna Jummai

Wata takwas ina ɗiga ruwan sassaƙe a kan ƙwayoyin halittar tumbi, in bi su da dafin ƙwayar cutar nan mai jawo olsa, in zauna ina kallo su kumbura su mutu. Kwalba goma sha shida duk kanwar ja ce. Wallahi na gaji, har warin ɗakin gwajinmu na jami'a na tsana.

Ta sha bakwai garin sassaƙen marke ce, na saye shi tun watannin baya wurin Inna Jummai, wata tsohuwa mai magani a Achika. Da na duba, ƙwayoyin na nan garau, dafin ya kasa taɓa su.

Farfesa Sha'aibu, mai duba aikina, ko murmushi bai yi ba. "Rahinatu, gani ɗaya ba hujja ba ne. Ki maimaita kafin ƙarshen wata, in ba haka ba wa'adin digirinki ya cika."

Ga shi garin ya ƙare. Na sa aka saro min marke daga Utai, na shanya, na daka da hannuna. Da na gwada shi, ƙwayoyin suka mutu. Na Lajawa ma haka. Sai na hau acaɓa na koma Achika, raina a jagule.

Bayan mun gaisa na ce, "Inna, garin nan marke ne zalla kuwa?"

"Marke ne mana, 'yar nan. Sai ɗan gyara da na yi miki."

Na ce, "Gyaran me?"

"Ai ba a sallamar baƙo hannu rabbana. Na ga kin sha hanya, na ɗan barbaɗa miki wani a kai."

"Wanne, Inna?"

Ta waiwaya ta dubi faifanta. Ƙulle-ƙullen leda sun fi arba'in, ba rubutu, duk garin ƙasa-ƙasa. Ta yi dariya. "Wata nawa yau? Abin da hannu ya kai ne."

Ban iya yi mata faɗa ba, alheri ta yi min. Gwaji ɗaya kwana uku yake ci, ni kuwa kwana tara suka rage min.

Na ce ta ɗibar min kowanne daban. Ta ɗebi na farko, kafin ta ƙulla sai na ga hannunta ya sake nufar faifan, za ta barbaɗa wani a kai. Na riƙe shi.

"Don Allah Inna, bar shi haka."

Ta dube ni, fuskarta ta canja. "Na yi miki wani laifi ne, 'yar nan?"