Yadda Shaho Ya Horar da Illo a Gaban Surukarsa

Daren jiya Illo Maishaho ya yi wani mafarki, kuma har yanzu bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Illo dai shi ne mutumin nan da ke horar da shaho da wani ɗan ƙarfe. In tsuntsu ya yi abin da ake so, sai ya danna ƙarfen ya yi ƙyas, ya miƙa masa tsokar nama. Da tsuntsun ya fara gwanancewa kuma sai rowa ta shigo, a ba shi yanzu, a hana shi an jima, don kwaɗayi ya sa ya ƙara himma. Illo yana kiran wannan ilimi.

To, a mafarkin sai ya tsinci kansa a wani gari inda hayaƙi ke saukowa daga sama ya shige murhu, itatuwa kuma suna bin inuwarsu duk inda ta nufa. Bai yi mamaki ba. Abin da ya ɗan dame shi kawai shi ne yana tsugune a kan turke, da igiyar fata a ƙafarsa.

Sai ga shahonsa ya iso sanye da safar hannu, alhali ba shi da hannu.

"Ka karya kumallo?" in ji shahon.

"A'a."

"Madalla. Haka ake so."

Shahon ya ja da baya ya miƙa fiffike. Illo ya yi tsalle ya dira a kai. Ƙyas! Sai ga yankan tsire mai zafi a bakinsa, ya sha ƙuli da yaji. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cin irinsa ba.

Kwatsam filin ya koma tsakar gidan surukarsa, Iya Hansai. Ita ce matar da Illo bai taɓa ko kurɓar ruwa a gabanta ba tun da ya auri 'yarta. Ko goro ne a bakinsa, in ya hango ta haɗiyewa yake yi. Tana zaune a tabarma tana tsinkar zogale, zabbi sun kewaye ta suna taya ta hira. Illo ya sunkuya zai tuɓe takalmi ya gaishe ta, ya tarar ba takalmi, sai igiya.

Shahon ya sake miƙa fiffike. Illo ya rantse a ransa ba zai motsa ba, amma ƙafafunsa ba su ji rantsuwar ba. Ya dira, ba ƙyas, ba tsire. Shiru. Ya koma ya sake dirowa. Shiru.

"Ranka ya daɗe, ai na yi daidai," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ka yi."

"To?"

"Ba kowane daidai ake biya ba. A wurinka na koya."

Wallahi kunya ta lulluɓe Illo har ya ji ina ma ƙasa ta tsage ya shige. Amma kunnensa na kan ƙarfen nan. Ya ƙara tsalle, ya haɗa da alkafura ko za a dace. Hularsa ta faɗi, ta tashi da kanta ta je ta ɓuya a ƙarƙashin rumbu.

Iya Hansai ta ja mayafi ta rufe fuska. Da yake ba ta magana da suruki kai tsaye, sai ta juya ga katanga.

"A gaya wa tsuntsun nan ya ji tsoron Allah. Wanda yake wahalarwa ɗin nan ɗan mutane ne, da iyalinsa."

Katangar ta isar da saƙo.

"Iya, in na ba shi yanzu ya lalace," in ji shahon.

Sai tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta ɗauko yankan tsire, ta kau da kai, ta miƙa hannu. Ba wanda ya yi ƙyas, ba wanda ya kira shi. Illo, magidanci da furfura a gemu, ya yi tsalle ya dira a gabanta ya wangale baki.

"Ci, ba na kallo," ta ce wa katanga.

"Tana kallo," in ji zabbin.

Nan injin markaɗen maƙwabta ya tashi da ƙara, Illo ya farka. Yana tsugune a gefen gado, bakinsa a buɗe, matarsa Asabe na tsaye a kansa da tsintsiya.

"Malam, rufe bakin mana," ta ce. "Iya ta zo tun da asuba, tana tsakar gida. Ta ce in tambaye ka ko lafiya, ta ji kana ta dira."