Jini Kusa da Laka

"Zuƙe nan, Gladys," in ji Dakta Philemon, bai ko ɗago kai ba.

Nas ɗin ta kai bakin tiyo ta zuƙe jinin, amma kafin ƙiftawar ido wurin ya sake cika. Haggai, tsohon soja da ya koma noma, yana kwance rub da ciki a gadon tiyata. Babur ne ya kayar da shi a hanyar Ribah, ƙashin bayansa ya tsage ya danne lakar da ke cikinsa, ƙafafunsa suka daina motsi. An samu an ɗage ƙashin. Saura jinin nan da ya ƙi tsayawa.

"Jininsa fa yana sauka, likita," in ji Lukuman, mai kula da maganin barci.

Philemon ya dubi na'urar ƙona jijiya, ya kau da kai. Jijiyoyin da ke zuba suna manne da laka. Wuta ta ɗan kuskure, shi ke nan, mutumin nan da tafiya sai dai labari. Babu kuma inda zare zai kama.

"Ba ni soson nan," in ji shi.

Gladys ta yage takardar da aka naɗe shi, ta miƙo masa. Wani farin abu ne mara nauyi, yana kama jini ya daskarar da shi, daga baya ya narke a jiki. Ya yanki ɗan mitsitsi ya ɗora a wurin, ya rufe da jiƙaƙƙiyar auduga, ya danna a hankali.

Sai jira. Zuciyarsa na ta ingiza shi ya ɗaga ya leƙa, ya ƙi. Gumi ya gangaro masa cikin ido, Gladys ta share.

Da ya ɗaga audugar, soson ya yi ja, amma jan bai bazu ba. Ya wanke abin da ya yi saura, don kada ya kumbura ya sake danne lakar.

"Alhamdu lillahi," in ji Lukuman.

Washegari Philemon ya shiga ɗakin marasa lafiya, ya tarar da Rebecca, matar Haggai, tana yi wa mijinta fifita. Ya yaye mayafin.

"Baba, motsa mini babban yatsan ƙafa."

Can sai yatsan dama ya ɗan yi sama, ya koma. Rebecca ta toshe baki da gefen zane.

Haggai ya juyo da kai da ƙyar. "Likita, yaushe zan hau babur?"

"Tambayi Mama," in ji Philemon.

Rebecca ta ci gaba da fifitarta.