Kwana Biyar a Kan Keke

Baba Tela labari ɗaya gare shi, kuma duk gidan sun haddace. Wai yana ɗan shekara ashirin da shida ya hau keke a filin bayan tashar jirgin ƙasa, aka kewaye filin da igiya, ya yi ta zagaye kwana biyar cur ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A kan keken ya ci abinci, a kai ya sake riga, har gemu ya aske, madubi a hagu reza a dama. In barci ya fara fizgarsa sai 'yan kallo su sheƙa masa ruwa.

Jikoki ba su da kunya. "Kaka, to bayan gida fa?"

"Ba a tambayar babba wannan," in ji shi, su kwashe da dariya.

Dariyar yara ba ta dame shi ba. Abin da ya soke shi shi ne ranar da ya jiyo babbar 'yarsa, malamar jinya, tana yi wa mijinta magana ƙasa-ƙasa a baranda. Wai Baba ya fara ruɗewa. Jiya ya bar dutsen guga a kunne, ga kuma wannan tatsuniyar keken da yanzu yake maimaitawa sau uku a rana. Gara a karɓe makullin shago ya zauna a gida.

Shekara hamsin yana buɗe shagon nan da hannunsa. Ya ji tsoro, tsoro na gaske.

"Uwata," ya ce mata da safe, don haka yake kiranta, "ni nake ƙarya?"

"Ban ce ƙarya ba, Baba. Amma da an yi haka, ai da Mama ta faɗa mana kafin ta rasu. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ambata ba."

Marigayiyar ta tsani zancen, ta ce wasan banza ne na marasa hankali, kuma a gabanta bai isa ya tayar ba. Sauran shaidu duk ƙasa ta rufe musu ido. Saura mutum ɗaya, tsohon mai hoton da ya zo filin a rana ta huɗu.

Ya matsa mata sai da ta kai shi. Shagon hoton ya zama ɗakin ajiya, labule ya koɗe, kwalaye har rufi. Mai Hoto, wanda kunnensa ɗaya ya riga ya yi ritaya, ya saurara da ɗayan, ya buga cinya.

"Mahaukacin keke! Kai ne? Ka ba ni wahala, bawan Allah."

Ya daɗe yana tonon kwalaye yana atishawa kafin ya zaro wani ambulan. Baba Tela ya karɓa, ya duba. Ga fili, ga igiya, ga jama'a maƙil. Amma a tsakiya, inda ya kamata a gan shi, babu komai sai wani dishi-dishi kamar an goga yatsa a kan jiƙaƙƙen fenti.

"Kamarar lokacin sai mutum ya tsaya cak na ƙirga uku," in ji Mai Hoto. "Na yi ta roƙonka ka tsaya, ka ce ko ubanka ne ba za ka sauke ƙafa ba. Ni ya zan yi?"

Kaico. Abin da ya sa ya ci gasar shi ya share shi daga hoton. Ya miƙa wa 'yarsa ba tare da ya dube ta ba, ya fara laluben makullin a aljihu. Gara ya bayar da kansa da a ƙwace.

Ita kuwa ba tsakiyar take kallo ba. A bakin igiya akwai wata yarinyar mace da tsohon ciki, ta fito raɗau don ita ta tsaya cak. Hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan ta miƙa kofi cikin fili tana jiran mai keke ya zagayo. Fuskar nan a murtuke.

"Wannan fa," Mai Hoto ya ɗora yatsa, "ranar tana nan tun safe cikin rana. Tana zaginsa tana ba shi ruwa."

Malamar jinya ta san wannan hararar, da ita aka raine ta. Ta lissafa shekarun a zuci, ta sake duban cikin, sai hawaye.

"Baba, ashe ni ma ina wurin."

Ya miƙo mata makullin. Ta naɗe masa yatsunsa a kai, ta tura hannun zuwa aljihunsa.

"Dutsen guga dai a riƙa kashewa," ta ce tana share ido. "Yanzu faɗa mini tun daga ranar farko, kada ka tsallake komai."